Hannun Goggo a Gaban Alƙali

Na daɗe ina kokwanton ko ni ce ya kamata in rubuta labarin hannun Goggo, domin da bakina a cikin abin da ya faru. Na yi shekara tara ina karatu a wata ƙasa inda ake liƙa hoton lauya a jikin motar haya, yana murmushi, yana cewa duk wanda aka buge ya kira shi. Na dawo gida da tunanin cewa wanda aka ji wa rauni ya haƙura bai kai ƙara ba, rashin sani ne ya hana shi. Har gobe ina ganin wanda ya yi ɓarna ya kamata ya biya. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne irin abin da ake mayar da mutum kafin a biya shi.

Goggo yayar mahaifina ce, kuma makitsiya ce. A unguwa Mai Kibiya ake ce mata, saboda siririn ƙarfen nan da take tsaga gashi da shi, wanda kullum yana soke a ɗankwalinta, ko wurin jana'iza ta je. Tana 'yar shekara tara ta fara koyo a kan doguwar ciyawar bakin rafi, daga nan ta koma kan ƙannenta, suna kuka tana kitsawa. Mijinta mai gadi ne a wata ma'ajiyar siminti. Da ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da ɗaki ɗaya a gidan haya, sai ta ɗauki kujerarta ta katako ta kafa a ƙarƙashin matakalar benen gidan, inda rana ba ta kaiwa sai la'asar. Ƙafar kujerar ɗaya ta fi sauran gajarta, da ninkakken kwali ake tokare ta. Ga tabarma, ga gwangwanin mai, ga mataji biyu, ga madubin da ya tsage ta kusurwa. A nan ta yi shekara ashirin da shida, a nan ta ciyar da yaran ta aurar da su.

Abu ɗaya aka san ta da shi: ba ta jan gashin goshi. Takan bar shi sakwa-sakwa, duk da haka kitsonta ya yi wata bai tashi ba. Ba abin da ke tayar mata da zuciya irin kitson 'yan matan yanzu, masu ja kamar suna ɗaure kaya a bayan mota. Ta ce in ta hango mace a hanya girarta ta ɗage sama kamar wadda aka ba labarin mamaki, ta san daga shagon da ta fito.

Wata Talata da safe ta tsallaka titi za ta sayo man kitso. Wani mai babur na kamfanin kai saƙo, da ƙaton akwati a bayansa, ya biyo hannun da ba nasa ba, idonsa na kan wayar da ya ɗaure a kan babur. Ya kwashe ta. Ta faɗi da hannun dama a kan bakin kwata, wuyan hannun ya karye wuri biyu. Ta ce ba zafin ta fara ji ba, warin kwatar ta fara ji, sannan ta ga hannunta ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa.

A asibiti aka ɗaure hannun da filasta mai tauri. Mai babur ɗin ya zo ya durƙusa a gaban gadonta, magidanci ne da furfura a gemu, ya ce kamfanin ya riga ya kore shi. Ta dube shi ta ce ya tashi ya je ya nemi abin da yaransa za su ci. Bayan mako bakwai aka yanke filastar. Hannun ya fito siriri, fatar tana saɓa, kamar an aro mata na wata tsohuwa. Wata ma'aikaciyar asibiti, mai koya wa masu karaya motsa gaɓoɓi, ta ba ta ɗan ƙwallon roba.

“Mama, ki riƙa matsa wannan safe da yamma. Ki koma sana'arki a hankali, ko layi biyu ne a rana. In kika bar yatsun nan suka zauna, ba lallai su sake tashi ba.”

Goggo ta yi kwana goma tana matsa ƙwallon. Har ta fara yi wa wata maƙwabciya manyan layuka. A nan ne ni da babban ɗanta, direban motar yashi, muka tasa ta gaba. Na ce mata kamfani ne, yana da inshora, kuma hakkinta ne.

“Baturiya,” in ji ta, don haka take kirana tun da na dawo, “ni ban taɓa shiga kotu ba, ko rakiya.”

Muka dai kai ta.

Ofishin lauyan yana saman wani shagon wayoyi. Fankar sama ba ta juyawa, an fesa turare mai ƙarfi a kan warin ruma, a kan tebur ga kofin shayi uku da busasshen tabon shayi a cikin kowanne. Lauyan mutum ne mai ƙiba da fara'a. Tun daga ranar Goggo ta sa masa suna Mai Turare. Ta lura bai dubi fuskarta ba, hannun ya duba, ya juya shi sama da ƙasa yadda mahauci ke taɓa akuya kafin ya taya.

“Hajiya, dunƙule min mu gani.”

“Ban je ba tukuna, ɗana.”

“In muka ci za ki je. Dunƙule.”

Ta tattara ƙarfinta ta dunƙule, saura kaɗan yatsun su taɓa tafi. Ta ɗago tana jiran a ce madalla. Sai ta ga ya yamutsa fuska.

“Haba Hajiya, kada ki ɓata mana aiki mana. Wa ya ce ki riƙa yin haka?”

Ya yi mata bayani a natse, kamar mai koya wa yaro alwala. Kotu ba ta biyan mutum don ya ji zafi, in ji shi, abin da hannun ya daina yi shi ake biya. In ta koma kitso, kamfanin zai ce ta warke, a ba ta kuɗin magani a sallame ta. In kuwa hannun ya mutu, to sana'ar shekara ashirin da ke gabanta za su biya. Kuma mutanen inshora suna da 'yan leƙen asiri, suna yawo da waya a unguwanni. Ya jawo aljihun tebur ya fito da ƙyallen nan da ake rataye hannu a wuya. Da fari ne, yanzu ya koma ruwan toka, da wani tabo mai ruwan ƙasa a gefe, yana warin gumin wanda ba ta sani ba.

“Wannan ya ci shari'a uku,” ya ce yana dariya. “Mai sa'a ne. Kada ki wanke shi da yawa, alƙalai ba sa son sabo.”

Ta nuna masa ƙwallon roba. Ya ce ta ba jikoki su yi wasa. Ta tambaye shi har yaushe. Ya ce wata uku, in ya yi yawa huɗu.

Wata goma sha huɗu aka yi. An ɗage shari'ar don an canza wa alƙali wurin aiki. An ɗage don lauyan kamfani ya yi rashi. An ɗage don fayil ya ɓata, aka ɗage don an same shi amma babu shafi biyu a ciki. Kowane zuwa Goggo takan yi wanka, ta rataya ƙyallen, ta zauna a benci tun safe, a kira sunanta a faɗi wata rana, ta dawo.

A gida kuwa kujerar tana nan a ƙarƙashin matakala, kaji na hawa. Matan da ta yi wa kitson aurensu sukan zo su tsaya a ƙofar ɗaki da mataji a hannu, ta ba su haƙuri. Daga baya suka daina zuwa. Sai ta riƙa ganinsu suna wucewa daga shagon bakin layi, gira a sama, suna gaishe ta cikin jin kunya suna jan ɗankwali gaba. Takan amsa, ta juya ta tofar da yawu.

Ɗanta direba ya zama mai gadin ƙyallen. Ko sallama aka yi a ƙofar gida sai ya ce, “Inna, ƙyallen!” Wani lokacin ma shi ma Hajiya yake ce mata, kamar lauyan. Ya riga ya je ya ga wata tsohuwar motar yashi da ake sayarwa, ya shiga ya murɗa sitiyari ya fito. Dangin da ba su leƙo ta a asibiti ba suka fara zuwa gaisuwa, kowa da shawarar inda ya kamata a sa kuɗi. Idonsu a kan hannun yake. Wata ƙanwar mijinta har ta ce, “Ai ke kin dace, da ƙafa ce ba za su ba da da yawa ba.” Goggo ta ce a lokacin ta ji kamar hannun ba nata ba ne, kamar wata dabba ce aka ba ta kiwo, kowa na jiran ranar kasuwa.

Mai Turare kuma yakan kira ta ofis a yi gwaji. A gwajin shi ke kwaikwayon lauyan kamfani, shi ke kwaikwayon alƙali. Ya taɓa hannun, ita kuma ta nuna zafi.

“A'a, wannan ya yi yawa, za a gane. Ki ɗan ciji leɓe kawai. Ki kalli ƙasa. Yauwa. Sake.”

Matar da ta binne miji ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ita ce ke koyon cizon leɓe a gaban wani ƙato mai warin turare. Ranar da ta dawo daga gwajin farko ba ta iya cin abinci ba.

A wata na takwas ta tashi za ta ɗaure bakin zanenta, ta ga yatsa na zobe da ƙarami na hannun dama sun naɗe cikin tafi. Ta sa ɗaya hannun ta buɗe su, ta saki, suka koma. Ta jiƙa su a ruwan ɗumi, ta shafa mai, ba su saurare ta ba. Wanda bai san kitso ba zai ce ai ƙananan yatsu ne. Su ne ke riƙe silin gashin da ke jiran a zo kansa, yayin da sauran uku ke saƙa. Ta nemi ƙwallon roba, aka ce ya daɗe da faɗawa rijiya. Ta hau mota ita kaɗai ta je ofishin, ta zare hannun ta ajiye masa a kan tebur.

“Ɗana, duba. Sun ƙi buɗewa. Da gaske nake yi yanzu.”

Ya gwada miƙe su, ya ga ba wasa ba ne. Fuskarsa ta washe.

“Alhamdu lillahi! Hajiya, yanzu ne muke da shari'a. Bari in kira likita ya rubuta tun da zafinsa.”

Ta ce ta dube shi, ta dubi kofunan shayin nan. Sannan ta mayar da hannun cikin ƙyallen. Ta ce tun da an riga an yi asarar, gara a biya ta.

Ranar da za ta ba da shaida, tun ƙarfe takwas tana kan bencin barandar kotu. Banɗakin ƙarshen barandar ba ruwa, iska na kwaso warinsa tana rabawa. Lauya ya shiga ciki wurin magatakarda, direba ya sauka ƙasa yana waya da mai sayar da motar. Wata mata mai goge daɓe, ba za ta wuce shekara talatin ba, ta zo tana jan bokiti da sandar goge daɓen. Da ta sunkuya, ɗankwalinta ya zame baya.

Goggo ta ga goshin. Sabon kitso ne, an ja shi har fatar ta yi ƙyalli. Ƙuraje farare sun jeru a bakin gashin tun daga kunne har kunne, wasu sun fara ruwa. Matar tana ƙifta ido kamar mai kallon rana.

“Baiwar Allah, wa ya yi miki wannan aika-aikar?”

“Shekaranjiya aka yi, Mama. Ko filo ba na iya ɗora kai.”

“Kuma kuɗi kika biya?”

“Na biya.”

“Kai, duniya. Nan da shekara biyu goshinki zai kai tsakiyar kai, mijinki ya riƙa duba fuskarsa a ciki. Jingine sandar nan. Zauna nan gabana.”

Matar ta yi dariya ta zauna a ƙasa, ta ba ta baya. Goggo ta ce wallahi ba ta tuna lokacin da ta zare hannun ba. Ta dai ga kibiya a tsakanin yatsunta, ƙyallen yana lilo a ƙirjinta ba komai a ciki. Ta tsefe layukan gaba, ta tsaga, ta kama. Yatsun nan biyu suka ƙi karɓar silin, ya zame, ta sake kamawa, ya zame, sai ta maƙale shi a bayan babban yatsa. Zafi ya taso tun daga wuyan hannu har kafaɗa, gumi ya jiƙa mata baya. Layi ɗaya ya fita, ya ɗan karkace, amma sakwa-sakwa. Ta yi na biyu. Mai goge daɓen ta sauke ajiyar zuciya.

“Wayyo Mama, kamar an sauke min dutse.”

“Daina motsi.”

Wata budurwa siririya cikin baƙar riga tana tsaye jikin taga, ta ɗaga waya. Da suka haɗa ido ta yi murmushi.

“Sannu da aiki, Mama.”

“Yauwa 'yata, sannu.”

Goggo ba ta san ta ba, domin a zaman baya wani dattijo ne ke tsaya wa kamfanin. Tana kan layi na uku aka kira shari'arsu.

A ciki ta yi duk yadda aka koya mata. Ta ciji leɓe, ta kalli ƙasa. Sannan budurwar nan ta miƙe daga kujerar lauyoyin kamfani, ta nemi izinin alƙali, ta miƙa wayarta. Alƙalin ya kalla, ya ba Mai Turare ya kalla, aka kawo wa Goggo. Ta ga wata tsohuwa a ciki, ta sunkuya a kan wani kai, fuskarta a sake kamar ba ta da wata damuwa a duniya.

“Mama, hannun wa ke nan?”

“Nawa ne.”

“Yaushe aka ɗauki wannan?”

“Ke za a tambaya, 'yata, ke kika ɗauka.”

“Kitso kike yi ko ba kitso ba?”

“Gyara nake yi. Kitson an riga an ɓata shi.”

Mutane suka yi dariya, alƙali ya buga tebur. Goggo ta zare hannun ta ɗaga shi sama, ta ce su duba da kyau, yatsu biyu ba sa aiki, layi uku ya cinye mata lokacin da a da take gama rabin kai. Ba wanda ya duba. Kowa na rubutu.

Bayan mako biyar aka yanke hukunci. Kotu ta yarda mai babur ne da laifi. Ta ce kamfani ya biya kuɗin asibiti da na wata ukun da karaya ke ɗauka ta warke. Game da yatsun kuwa, lauyar kamfani ta kawo katin asibiti, inda aka rubuta cewa an ba majinyaciya ƙwallo an umarce ta da motsa hannu. Likitansu ya ce rashin motsin ne ya sandarar da su, ba karayar ba. Alƙali ya ce ba za a ɗora wa kamfani abin da mai ƙara ta jawo wa kanta ba. Da Mai Turare ya cire kasonsa, abin da ya rage bai kai a yi masa rakiya zuwa gida ba.

A kan matakalar kotun direba ya fara.

“Inna, kin san abin da kika zubar? A kan mai goge daɓe! Ko sisi ta ba ki?”

“Ba ta ba ni ba.”

“Wata goma sha huɗu muna wahala!”

Ta dube shi daga sama har ƙasa, har ya kawar da kai. Mai Turare ya sauko yana share wuya da hankici. Ya ce a shekara goma sha takwas da ya yi yana aiki bai taɓa ganin wanda ya yanka kansa a ƙofar kotu irin haka ba. Ya juya zai tafi, sai ya dawo.

“Af, Hajiya, ƙyallen. Na ofis ne.”

Ta cire shi daga wuyanta, ta riƙe shi da bakin yatsu biyu nesa da jikinta, ta saka masa a hannu.

Yanzu ta koma ƙarƙashin matakala. Ta wanke kujerar, ta sake ninka wani kwalin. 'Yan mata ba sa zuwa, domin ƙananan layukan da suke so sun fi ƙarfin hannun. Tsofaffin ƙawayenta ne suka dawo ɗaya bayan ɗaya, wasu da goshin da ya riga ya ja baya, tana yi musu kitso tana yi musu faɗa. A da takan gama kai huɗu kafin la'asar. Yanzu ɗaya take yi, in ta matsa biyu, ta kwana hannun na zogi.

Na same ta a can makon jiya, da kan wata dattijuwa a tsakanin gwiwoyinta. Na zauna a bakin tabarma na jima ina kallon yadda take maƙale silin a bayan babban yatsa. Mai Turare ya kira ni sau biyu a kan wata magana, na ga gara in faɗa mata da kaina.

“Goggo, lauya ya ce ana iya ɗaukaka ƙara. Za ki yi?”

Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layin.

“Ya aiko min. Ya ce amma sai na sake rataye hannun, wata shida kawai. Baturiya, mai babur karaya ya yi min, ta warke. Waɗannan biyun ni na kashe su da kaina, ina zaune ina jiran a biya ni kuɗinsu. Takwas suka rage min, kuma ina da aiki da su.”